Kulkin Na'iya

Shekara ashirin da uku Na'iya ya yi yana aikin ɗan doka a ƙasar Tambuwal da Kebbe, bai taɓa ɗaure mutum da igiya ba. Ba don tausayi ya yi masa yawa ba. Gajere ne kakkaura mai ɗaurarriyar fuska, ba ya dariya sai ta kama dole. Abin da ya hana shi ɗauri wata hanya ce da ya gada wurin tsohon dogarin da ya koya masa aiki. In an aike shi ya zo da mutum gaban alƙali, sai ya je ƙofar gidan mutumin ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi. Sa'an nan ya zare kulkinsa daga ɗamara, ya miƙa masa da hannu biyu, ya yanka masa rana, ya hau kekensa ya koma. Ran da aka yanka, mutumin zai taso da ƙafarsa, ya iso Tambuwal ya mayar wa mai kulki kulkinsa, su shiga gaban alƙali tare.

Kowa ya san ma'anar abin. Wanda ya amshi kulkin Na'iya ya amsa kira ke nan, ƙauyensu duka kuma shaida ne. Ba a ja shi a gaban 'ya'yansa ba, ba a bi da shi ta kasuwa da igiya a ƙugu ba. Saboda haka in ya gudu, ba hukuma kaɗai ya ci wa amana ba, har da garinsu. Cikin shekarun nan duka sau ɗaya kulkin ya dawo ba tare da mutumin ba. Shi ma mutuwa ya yi, ƙanensa ya kawo kulkin ranar da aka yanka, ya ba da haƙuri.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai aka zo da gyara. Aka ce En'e, hukumar sarakuna, ta tsufa, za a sabunta ta. Aka kafa majalisar gunduma, aka zaɓo mutane suna zama kan benci suna ɗaga hannu. 'Yan doka kuwa aka cire su daga zauren hakimi, aka gina musu caji ofis kusa da kasuwa, aka turo musu sufeto. A faɗi gaskiya, gyaran yana da dalili. Cikin 'yan doka akwai ɓarayi, akwai waɗanda in sun sauka ƙauye sai an ɓoye kaji da awaki. Amma waɗanda suka zauna a birni suka tsara gyaran sun auna kowa da mafi lalacewa a cikinsu. Wannan ragwanci ne, ko da an buga shi da keken rubutu.

Sufeton sunansa Maccido. Dogon saurayi ne, ya yi makarantar horo a Kaduna, Hausarsa irin ta rediyo. Ba ya cin hanci, ba ya zagi, ba ya makara. Aibinsa ɗaya: abin da bai gani a takarda ba, bai yarda akwai shi a duniya ba. Makonsa na farko ya sa aka ƙona lamba a jikin kowane kulki da jan ƙarfe, kamar yadda ake yi wa shanu. Na Na'iya ya sami goma sha bakwai. Ya raba wa kowa ankwa. Ya karanta musu sabuwar doka: duk wanda ya ba da wani abu daga kayan aikinsa, ko aro ko kyauta ko jingina, a tuɓe masa kaki a filin fareti, a sallame shi.

Kuma ya nuna ba wasa yake ba. Wani ɗan doka, Ɗan'iya, ya ara wa surukinsa rigar ruwa. Ran kasuwa aka tsai da shi a fili, aka cire masa jar hula, aka kwance ɗamara, aka tuɓe riga. Ya tafi gida da singileti, mata masu sayar da daddawa suna binsa da kallo. Na'iya yana cikin layi ya ga abin daga farko har ƙarshe. Daga ranar hoton bai bar idonsa ba.

Abokinsa Kofur Ɗangiwa, wanda suka shiga aiki shekara ɗaya, shi ne mai riƙe da littafin ofis, don ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Shi ya ja masa kunne, wata safiya Na'iya yana hura tayar kekensa.

"Kai, gajere. Wancan wasan naka na barin kulki gidan mutane, ka bari hakanan."

"Wasa? Kai da ka tsufa kana koyon a, ba, ca tare da jikokinka, kai za ka gaya mani wasa?"

"Ni dai na gaya maka. Yaron ga bai san shi ba."

"Ba aro nika badawa ba, ba kyauta ba. Aike ne. Kulkin zuwa shika yi shi dawo."

"To je ka faɗa mashi hakanan, mu gani ko akwai layin da za shi rubuta shi."

Na'iya bai je ba. Ya jefa ankwarsa cikin jakar keke tare da tsumman mai, ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba, yana dai lura kulkin ya dawo kafin ranar duba kaya.

Farkon damina aka ba shi sammaci zuwa Fakku, can kudancin Kebbe. Wani manomi, Dikko, ya rotsa wa maƙwabcinsa Dawuda kai da ƙotar fartanya a kan iyakar gona. Na'iya ya kwana a Kebbe, ya ƙetare gulbi, ya isa Fakku ran Alhamis da hantsi. Jiya aka yi ruwan shuka na farko mai kyau, bayan an daɗe ana duban sama. Garin ba kowa sai tsofaffi. Ya bi hanyar gonaki ya tarar da Dikko yana sara da sungumi, matarsa Kaltume tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige.

"Salamu alaikum, mai gona. Barka da ruwa."

Dikko ya ɗago. Ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji da saurin dariya. "A'a, Na'iya! Kai da kanka? To, Dawuda ya kai ni ke nan."

"Ya kai ka. Ka fasa mashi kai, mi kaka so shi yi? Shi aiko maka da goro?"

"Kan Dawuda? Wallahi ƙotata ta fi shi jin jiki. Je ka gane ta, ta tsage."

"Alƙali za ka nuna ma ita, ba ni ba."

Dikko ya daina dariya. Ya durƙusa ya damƙo ƙasa, ya matse ta, ya buɗe hannu. Ta dunƙule, baƙa, mai sanyi. "Ka gani? In nib bi ka yau, kafin in dawo ta bushe. Ni kaɗai ne namiji gidanga. Ba ni kwana ukku in rufe iri. Ba don ni ba."

Na'iya ɗan manomi ne, ya san abin da kwana uku na farkon damina suke nufi. Ya dubi gonar, ya ga ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a shuka ba. Ya lissafa a zuciyarsa: duba kaya sai ƙarshen wata, akwai sauran kwanaki. Ya zare kulkin, ya miƙa da hannu biyu.

"Talata, kafin azahar."

Kaltume ta tsaya da ƙwaryar iri a hannu. "Malam, kada ka amsa," ta ce da mijinta, murya ƙasa. "An ce yanzu an sake doka."

"Doka anka sake, ba Na'iya ba," in ji Dikko. Ya goge hannuwansa a jikin wando, ya amsa da hannu biyu.

Na'iya ya iso Tambuwal ran Juma'a da yamma. Ran Asabar da sassafe aka busa usur. Sufeto ya matso da duba kaya gaba, don ya sami labari wani babba zai zo rangadi. Kowa ya shimfiɗa bargonsa a fili, ya jera kayansa a kai. Masu kai kaya kasuwa suka tsaya bakin hanya suna kallo, kamar yadda suka saba tun ranar Ɗan'iya. Sufeto yana bin layi, Kofur Ɗangiwa na biye da littafi, har suka iso bargon Na'iya.

"Lamba goma sha bakwai, ina mutumin da aka aike ka ka zo da shi?"

"Shina tafe, ranka shi daɗe."

"Yana tafe? Da wa?" Idon sufeto ya sauka kan bargon. "Ina kulkinka?"

"Shina hannun Dikko, ranka shi daɗe. Na kai mashi sammaci, na miƙa, ya amsa."

Sufeto Maccido ya tsaya cak. Mutum ne da bai taɓa tunanin ɗan doka zai miƙa wa mai laifi makaminsa ba, saboda haka kunnensa ya ji abin da hankalinsa zai iya ɗauka.

"Ya amshe? Ya amshe maka kulki?"

Tsakanin amsa da amshe ba wani nisa a baki. A wajen Allah kuwa nisan ya fi na Tambuwal zuwa Fakku. Ɗaya mutum ne ya karɓi amana, ɗaya mutum ne ya yi wa hukuma fashi. Na'iya ya san haka sarai. Kalma ɗaya ake bukata, a'a, kuma tana bakinsa. Amma ya ɗaga ido ya ga wurin da aka tsai da Ɗan'iya, ya ga matan nan a bakin hanya da tallansu a ka. Ya ga kansa da furfurarsa yana ratsa kasuwa da singileti. Sai ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya ɗauki sunkuyawar a matsayin kunyar wanda aka fi ƙarfi. Har ya dafa kafaɗarsa. "Ba abin kunya ba ne, dattijo. An ce ƙato ne. Laifina ne da na tura ka kai kaɗai. Kofur, rubuta."

Ɗangiwa ya ɗora alƙalami kan takarda bai motsa shi ba. Ya dubi abokinsa ido cikin ido. "Na'iya, kunnena ya tsufa. Amsa kac ce, ko amshe?"

Wannan ƙofa ta biyu ce aka buɗe masa, kuma ba kowa ake yi wa haka ba.

"Rubuta abin da sufeto yac ce," in ji Na'iya.

Ɗangiwa ya rubuta. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, yana jan kowace kalma ko mai ita zai tsai da shi. Ba a tsai da shi ba. Na'iya ya danna babban yatsansa cikin tawada ya danna a ƙasan rubutun.

A gida ya kasa cin abincin rana. Matarsa Saudatu ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Tashi ka koma yanzu ka gaya mashi."

"Ran Talata Dikko na isowa da kulkin a hannu. Da sufeto ya gane shi da idonai, zance ya ƙare. Ba sai an tuɓe kowa ba."

"In ya ƙare hakanan. In bai ƙare ba fa?"

"Ke mi kis sani ga aikin hukuma?"

"Ban san shi ba. Na dai san ƙarya ba ta jiran Talata."

Ya tashi ya fita, ba zuwa ofis ba. Haka matsoraci yake yi: ya sa wa tsoronsa suna dabara, ya zauna yana jiran kwanaki su gyara abin da bakinsa ya ɓata. Bai sani ba, ran Litinin da asuba sufeto ya tura kurata biyu, sababbin fitowa daga horo, su kamo mutumin da ya yi wa ɗan doka ƙwace.

Ba su kai Fakku ba. Da hantsi, tsakanin Tambuwal da Kebbe, suka haɗu da wani ƙato yana tafe a ƙasa ya nufo Tambuwal, da gorar ruwa da ƙunshi a kafaɗa. Suka tambaye shi hanyar gidan Dikko. Ya yi dariya ya ce ai ga Dikko a gabansu, sun huta. Al'adar masu kawo kulkin ce su naɗe shi cikin tsabtataccen ƙyalle, kada ya yi ƙura. Dikko ya sauke ƙunshin, ya warware farin ƙyallen da Kaltume ta wanke, ya ɗago kulkin don ya nuna musu shi mai amsa kira ne. Kuratan ba 'yan ƙasar ba ne. Abin da suka gani shi ne ƙaton da aka ce ya fi ƙarfin ɗan doka ya zaro makami. Suka rufe shi da duka.

Da la'asar suka shigo da shi ta tsakiyar kasuwa, ankwa a hannu, igiya daga ƙugunsa zuwa sirdin keke, ido ɗaya a rufe don kumburi. Na'iya yana tsaye ƙofar caji ofis. Dikko ya hango shi da idon da ya rage, fuskarsa ta saki.

"Alhamdu lillahi, ga shi nan. Na'iya, faɗa masu. Talata kac ce, yau Litinin. Na ma riga ranar."

Na'iya ya juya ya shiga ofishin sufeto ko sallama bai yi ba. Ya ƙame, ya faɗi komai: shukar, kwana ukun, hannu biyun, shekara ashirin da uku. Ya ce a tuɓe shi yau, a saki mutumin.

Sufeto ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya girgiza kai cikin tausayi. "Na san irin wannan, dattijo. Ka ga an dake shi, zuciyarka ta karye. Ko kuma danginsa sun riga sun zo sun roƙe ka."

"Ranka shi daɗe, in ƙwace yay yi, mi zai sa shi taso da ƙafa tai shi nufo nan?"

"Ya ji tsoron abin da ya aikata, ya zo ya mayar. Wannan sai ya faɗa wa alƙali, ya yi masa sassauci." Ya buɗe littafin ya juya shi wajen Na'iya. "Kana so in yarda akwai ƙasar da ake ba mai laifi kulki a ce ya kawo kansa? Ga abin da ka faɗa ran Asabar, a gaban mutum goma sha biyu. Kwafinsa ya tafi birni tun safe da motar wasiƙu."

"Tambayi Kofur. Tambayi kowa cikin garin ga."

"Ba a aiki da kowa. Ana aiki da abin da aka rubuta."

Ran Talata kafin azahar, daidai lokacin da aka yanka, Dikko da Na'iya suka shiga gaban alƙali tare. Kulkin yana kan tabarma a gaban muhuti, magatakardan alƙali, an ɗaura masa 'yar takarda da zare. Alƙalin tsoho ne. Ya fi shekara goma sha biyar yana ganin mutane suna shigowa zaurensa da wannan kulkin naɗe a ƙyalle, ya san shi kamar yadda ya san carbinsa. Amma gyara ya shafe shi shi ma: yanzu ana aiko masu duba littattafan shari'a, kuma an riga an sauke alƙalai biyu a wasu gundumomi.

Na'iya ya nemi izini ya yi magana. Ya faɗi gaskiya duka, da murya mai ƙarfi, har na waje suka ji. Alƙali ya ɗauki takardar ya nuna masa.

"Wanga yatsan wa?"

"Nawa, Allah gafarta malam."

"Tilasta ka anka yi?"

"A'a."

"An karanta maka kafin ka danna?"

"An karanta."

"To ka yi magana biyu kan abu guda. Wace ce ƙarya, ta Asabar ko ta yau?"

"Ta Asabar."

"Hakanan kac ce yau. Wanda ya shaidi kansa da ƙarya, shari'a ba ta amsar shaidatai, ta fari ko ta baya. Koma gefe."

Abin da ya rage a gaban alƙali shi ne kayan hukuma a hannun talaka, da kurata biyu da suka rantse ya zaro musu shi. Dawuda, mai ƙarar asali, yana zaune da rawani a kan ɗaurin raunin. Ya yunƙura ya durƙusa.

"Allah gafarta malam, ni na yafe tawa. Ba wanga niz zo nema ba. So nika a ja mashi kunne, shi bar cin iyakata. Kowa Fakku ya ga kulkin ga rataye zaurenai kwana ukku, ko ɗiyanai bai bari sun taɓa ba."

"Ka ga sa'ad da anka ba shi?"

"A'a, ina kwance da kaina."

"To taka ta faɗi, tunda ka yafe. Wagga ta hukuma ce."

Wadda ta gani da idonta Kaltume ce, tana Fakku, kuma matar mutum ba ta yi masa shaida. Alƙali ya yanke wata shida a gidan yari na birni. Bai ɗaga ido ba sa'ad da yake faɗa. Ya san gaskiya, ya nemo hukuncin da zai fake a bayansa, ya same shi. Iliminsa bai amfane shi da komai ba ranar, sai dai ya nuna masa inda zai ɓuya.

Da za a fita da Dikko, ya tsaya daidai Na'iya. Bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi.

"Geron ya tsiro yanzu," ya ce. "Ban san wa za shi yi noman firi ba." Ya nuna tabarmar da haɓa. "Ga kayanka can. Duba shi, ko ƙwarzane bai yi ba wurina."

Washegari Na'iya ya sa kakinsa, ya je ya tsaya a filin fareti, daidai inda aka tsai da Ɗan'iya, yana jira. Kunyar da ya guje wa ran Asabar, yanzu ita yake nema ido rufe. Sufeto ya aiko a kira shi ciki.

"Ba zan kori dattijo don ya ji tausayi a gaban alƙali ba," ya ce. "Kuma littafi ya ce ƙwace aka yi maka. Wanda aka yi wa ƙwace bai ba da komai ba, ba shi da laifi." Ya tura masa kulkin ta kan tebur, 'yar takardar tana lilo a jikinsa. "Ka riƙe shi da kyau."

Ɗangiwa yana zaune bakin ƙofa da littafinsa. Tun ran Asabar bai ƙara ce masa gajere ba. Ya matsa ya ba shi hanya, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Bayan mako biyu Na'iya ya nemi hutun kwana huɗu, ya ɗaura fartanya a keke ya tafi Fakku. Tun daga Kebbe ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mutanen da a da suke tsai da shi su ba shi ruwa, yanzu da sun hango jar hula sai su ratse cikin gona. A gonar Dikko ya tarar da mutum ɗaya sunkuye yana noma, da ɗauri a ka. Dawuda ne. Ya amsa sallama bai ɗago ba, ya ce ba a bukatar hannu. A ƙofar gidan Na'iya ya yi sallama sau uku. Yana jin daka a ciki. Dakan ya tsaya, sa'an nan ya ci gaba. Ya hau kekensa ya dawo da fartanyarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Da gero ya kai gwiwa aka ba shi sammaci zuwa Jabo. Ƙaramar magana ce: jakin wani tsoho, Bube, ya shiga gonar mutane. Na'iya ya ji daɗi da ya ji sunan. Bube ya taɓa kawo kulkin har sau biyu a shekarun baya, sau ɗaya ma da ɗan curin fura na kyauta a cikin ƙyallen. In akwai wanda zai amsa, shi ne. Na'iya ya ƙudura a ransa zai miƙa, a gaban kowa, sa'an nan ya koma ya faɗa wa sufeto da bakinsa kafin a tambaye shi, a tuɓe shi a huta.

Ya tarar da Bube ƙofar gida yana tufkar igiya, da maƙwabta uku zaune a inuwa. Suka gaisa. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya zare kulkin, ya miƙa da hannu biyu.

"Alhamis, kafin azahar, Baba Bube."

Tsohon ya ja da baya har tabarmarsa ta naɗe. Ya mai da hannuwansa bayansa. Maƙwabtan suka miƙe tsaye, ɗaya ya ce da ƙarfi, don a ji, "Ku shaida, bai taɓa ba."

"Ni ne fa, Baba. Na'iya."

"Na gane ka. Idona bai mutu ba."

"Sau biyu kana kawo shi."

"Awo. Dikko ma ya kawo shi." Bube ya ajiye igiyar da yake tufka, ya dafa bango ya tashi. Ya leƙa zaure ya ce a gaya wa tsohuwa ya tafi Tambuwal. Sa'an nan ya dawo ya haɗa wuyan hannuwansa biyu, ya miƙa su. "An ce an ba ku ƙarfe. Sa mani. In tai ɗaure kowa na gani, ya fi mani. Aƙalla an san abin da niy yi."

Na'iya ya daɗe tsaye da kulkin a hannu biyu, ba mai amsa. Daga baya ya mai da shi ɗamara. Ya buɗe jakar keke, ya lalubo ankwar a ƙarƙashin tsumman mai. Ta fara tsatsa, kuma bai san ta inda ake buɗe ta ba. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wanda ya taɓa ganin yadda kurata suke yi, shi ya matso ya nuna masa.